Waiwaye: Kicin ɗin da Muka Kai Zanzibar

A gidajenmu aikin Hajji ne ya koya mana haɗa kayan tafiyar jirgi. Shi ya sa ko ina za mu, shirin maniyyaci muke yi: yaji a gwangwani, kuka da busasshiyar kuɓewa, garin kunu, daddawa an naɗe ta ninki-ninki don kada warinta ya tona asiri. Da maigida ya zo da maganar cewa hutun yara na watan Agusta a Zanzibar za mu yi shi, kuma ba otal za mu sauka ba, gida guda ya kama mana sukutum a bakin teku, abin da ya fara fitowa daga bakin surukata Hajiya shi ne, "To, akwai murhu a gidan?" Aka ce mata akwai kicin da komai. Ta ce alhamdulillahi. Daga wannan hamdalar aka fara auna gari da mudu, kuma a kanta nake son yin waiwaye, don na lura 'yan uwa da dama sun fara sha'awar irin wannan hutu.

Dalilin kama gida a fili yake. Mu taro ne: ni da maigida da yara, ga Hajiya, ga ƙanwarsa da ɗanta da bai daɗe da fara tafiya ba. In otal ne, ɗaki nawa za a biya? Sannan ga maganar sirri. Gida mai katanga da wurin iyo nasa na kansa, mace za ta shiga ruwa ba idon baƙo a kanta, yara su yi ta ihunsu ba mai buga ƙofa ya ce an hana shi barci. Zanzibar kuwa ta kwanta mana a rai saboda ƙasar Musulmi ce. Tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu, Unguja da Pemba. Sun haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami Tanzaniya, amma har yau suna da shugabansu da majalisarsu. A ƙidayar 2022 mutanensu sun kusa miliyan 1.9, kusan duka masu salla ne. Ba ka fargabar yanka, ba ka wahalar neman masallaci. Gidan da muka kama yana Jambiani, ƙauyen masunta a kudu maso gabashin Unguja, tafiyar awa ɗaya da wani abu a mota daga filin jirgin sama na Abeid Amani Karume.

Kafin akwati akwai takarda, kuma nan mutanenmu suka fi yin sake. Baturen da ka gani a bidiyo yana cewa ya sauka ya sayi biza a filin jirgi bai yi ƙarya ba, sai dai fasfonsa ba irin naka ba ne. Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin ƙasashen da Tanzaniya ta ce sai sun nemi biza tun daga gida, hukumar shige da fice ta duba ta amince, kuma abin yakan ci makonni. Ga katin rigakafin shawara, wanda ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10 a jiki. Ga fasfo, sai ya zama da sauran wata shida a gabansa, kuma na yara ne yakan ƙare ba a ankara ba. Lokacin da muka je ba a fara ba, amma tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, dala 44 ga babba, ko da yana da wata inshorar. Duk wannan aikin maigida ne, kuma ya yi shi a kan kari, Allah ya saka masa. Shi da takardu, mu da akwatuna. A lokacin rabon ya yi mini daidai.

Daren haɗa kaya falo ya koma kasuwa. Kilo 23 ne iyakar kowane akwati, sai muka jawo ma'aunin banɗaki, babban yaronmu ya hau shi kaɗai, ya sauka ya rungumi akwati ya sake hawa, a cire wancan daga wannan. Ido ba mudu ba ne, an ce ya san kima, amma a kan garin tuwo ido ƙarya yake yi. Jakar Ghana-must-go da muka saba dogara da ita ta fita daga lissafi, don tun ƙarshen 2023 kamfanin Ethiopian Airlines ya daina karɓar ta haka nan, mu kuwa ta Addis Ababa za mu bi. Sai kuma maganar leda. Tun 1 ga Yuni 2019 Tanzaniya ta haramta ledar ɗaukar kaya, har an gargaɗi matafiya kada su shigo da ita a cikin kayansu. Ka tuna yadda muke shiri: kowane ƙulli a leda, ledar a cikin wata ledar. Dole muka zauna muka kwance komai muka juye a robobi masu murfi. Hajiya tana kallo daga kan darduma, can ta ce, "Ƙasar da ba leda, da me suke ƙulla koko?" Kilishi ne kaɗai aka yarda a bari, shi ma don maigida ya ce nama na cikin abubuwan da jami'an kwastan na ƙasashe da yawa ke tsayawa a kai, ba ya son a riƙe mu da tsohuwa a filin jirgi.

Tufafi ba sai na daɗe a kai ba. An zuba shadda, an zuba leshi, kowace atamfa da gyalenta da takalminta, kai ka ce ɗaurin aure aka gayyace mu. Iskar bakin teku mai laima ce, shadda ba ta kwana da sitacinta. Abin da muka sa har muka dawo shi ne dogayen riguna marasa nauyi, hijabi, silifa, sai zannuwan kanga da muka saya a can, waɗanda ake sayar da su bibbiyu, su yi maka ɗaurin ƙirji, su yi mayafi, su yi goyo, su bushe kafin la'asar. Mata masu son shiga ruwa su tanadi dogon wando da riga mai dogon hannu na yadin da ba ya riƙe ruwa. Zanen atamfa in ya jiƙe nauyi yake yi ya naɗe ƙafa, kuma hatsari ne.

Washegarin sauka direba ya kai mu kasuwar Darajani da ke bakin tsohon gari, wanda Turawa ke kira Stone Town. Nan na tsaya ina dariya ni kaɗai. A akwatina akwai kanumfari da masoro da citta da na aika aka sayo a kasuwar Kurmi, ga shi na kawo su garin kanumfari. Tun da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya ɗauke fadarsa daga Maskat zuwa nan wajen 1840 ya sa aka cika tsibiran da gonakin kanumfari, da gumin bayi aka yi aikin, kayan ƙamshi suka zama arzikin wurin. Ga kirfa ɓawo-ɓawo, ga gyaɗar ƙamshi, ga ɗanyar citta. Ga garin masara buhu-buhu, don su ma tuwonsu ke nan, ugali suke ce masa. Ga kuɓewa ɗanya, tsamiya, rogo, alayyafo, gyaɗa, shinkafa iri-iri. Itatuwan kuka ma suna nan tsaye a tsibirin, sai dai 'ya'yan suke sarrafawa su yi alawa ja, ban ga mai sayar da garin ganyen ba. In aka tace duk lodin da muka yi, kuka da daddawa da yaji ne kaɗai suka cancanci kujerar jirgi, su kuwa duka ba su cika kwano ɗaya ba.

Abubuwan da suka yi mana rana ƙanana ne. Butar roba ta Hajiya, wadda yara suka yi ta yi wa dariya a Kano, ita ce ta zama abin layi, don gidan an gina shi ne da Turawa a rai. Magungunanta na hawan jini da suga mun sa su a jakar hannu cikin kwalayensu na asali, kuma haka ya kamata, domin akwati yakan yi lattin kwana ɗaya ko biyu a hanya, babban asibiti kuwa yana can cikin gari. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, ba a buƙatar wani mahaɗi. Wuta kuwa takan ɗauke. Daga babban yankin ƙasar ake jawo ta da waya ta ƙarƙashin teku, kuma daga Disambar 2009 zuwa Maris na 2010 tsibirin ya yi wata uku a duhu da na'urorin suka lalace. Tocila da batirin cajin waya ba su da nauyi, sai dai shi batirin a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda da shi a cikin akwati ba. Gidan sauro yana rataye a kan kowane gado, amma man korar sauro na yamma mu muka kai abinmu. Man kare fata daga rana ma kada a ce na farare ne. Tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, kafaɗar auta sai da ta saɓule.

Sai salla. Da magaribar farko Hajiya ta duba inda rana ta faɗi, ta juya masa baya, ta shimfiɗa darduma tana fuskantar teku, kamar yadda duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai yi. Mai gadin gidan, wani dattijo, ya matso da ladabi ya nuna mata gefen hagu. Zanzibar da Makka kusan a kan layi ɗaya suke, ɗaya a kudu ɗaya a arewa, saboda haka alƙiblarsu arewa ce. Hajiya ba ta gamsu ba sai da ɗanta ya dawo daga masallacin ƙauyen ya tabbatar mata. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, kuma mutanen wurin daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗayansu. In za ka yi alkawari da direba, ka nuna masa lokacin a fuskar waya.

Hoton gidan da aka tura mana ya nuna ruwa shuɗi yana lasar gindin katanga. Mun tashi da safe yara sun sa kayan wanka, sai ga shi babu teku. Ta janye can nesa, wajen da ido ke hango farin kumfa, ta bar fili fetal kamar fadama da rani. Haka gabar gabashin Unguja take, Jambiani da Paje da Bwejuu duka: sau biyu a yini ruwa yana cika yana janyewa, kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50, kuma ya fi tsanani a tsayuwar wata da daren sha huɗu. A arewacin tsibirin, Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya nisa haka, ana iya iyo kusan kowane lokaci. Babu wanda ya fi wani, amma mai tafiya da yara ya kamata ya sani kafin ya biya. Ni dai daga baya janyewar ta fi burge ni, don a lokacin ne matan ƙauyen ke shiga da turaku da igiyoyi suna noman ciyawar teku, sana'ar da ta shigo tsibirin a ƙarshen shekarun 1980, kuma yawancin masu yin ta mata ne. Sai dai a cikin wannan fili akwai bushiyar teku, baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke karyewa a cikin tafin ƙafa. Takalmin roba mai rufe ƙafa na kowane yaro ya fi akwatin leshi amfani.

Na ce daga baya, domin kwanakin farko ban ga wannan duka ba. Ina kicin.

Nan ne inda lodinmu ya nuna ainihin abin da yake. Wanda ya ɗauko garin tuwo ya ɗauko tuƙi, wanda ya ɗauko kuka ya ɗauko kaɗa miya, da wanke-wanke, da tunanin me za a ci da dare tun ba a gama na rana ba. Kuma kicin ɗin gidan hutu an shirya shi ne don mutum biyu su dafa shayi su soya ƙwai. Tukwanen ƙanana, wuƙar ba ta yanka albasa sai da lallashi, babu turmi, babu muciya. Da cokalin katako na juya salak muka tuƙa tuwon farko, a tukunya biyu, ni da ƙanwar maigida, ɗanta yana riƙe da zanenta. Tagar kicin ɗin bayan gida take kallo, wajen tankin ruwa. Muna jin ƙarar teku da dariyar yara daga ɗaya ɓangaren. Ruwan famfon yana da ɗan gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa sosai, na sha da na girki sai na gora. A gida aƙalla ina da mai taya ni aiki, na san inda kowane ludayi yake. A nan aiki ɗaya ne, kayan aikin ne suka ragu.

Hajiya ce ta fara gani. Ta leƙo ta same ni ina kankare ƙanzo, ta ce, "Ke 'yar nan, tun da muka zo kin taka ruwan nan kuwa?" Na ce, "Hajiya, ai ana jin iskarsa daga nan." Ba ta ce mini komai ba. Ta fita baranda, kuma da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai na ji ta ce, "Kai, wannan yaron, zo nan. Kuɗin jirgi ka biya wa matarka ta zo ta yi maka wanke-wanke?" Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya, ai na ga kamar ku kuka ce a taho da kayan miya." Ta ce, "Na ce a taho da kayan miya, ban ce a taho da baiwa ba."

Ashe tun farko mai kula da gidan yana da matan ƙauye da yake kirawa su yi wa baƙi girki, a biya su kuɗin yini, a ba su na cefane. Ba a tambaya ba ne kawai. Matar da ta zo mana tana cikin masu noman ciyawar nan, saboda haka lokacin zuwanta ya danganta da ruwa. Ta zo da 'yar kujerar katako mai naɗewa, a bakinta an kafa ƙarfe mai haƙora. Ta fasa kwakwa gida biyu, ta zauna a kan kujerar a karkace, ta riƙa goga ɓarin a kan ƙarfen, farin gari yana zuba a faranti, kafin ka ce kwabo ta gama uku. Ta zuba ruwan ɗumi ta matse, madarar farko mai kauri ta ajiye gefe don miyar kifi, ta biyu ta dafa shinkafa da ita. Kifin kuwa da safen nan aka fito da shi daga kwalekwale. Da ta ga garin masararmu sai ta koma gida ta ɗauko tata muciyar, ta tuƙa shi sumul ba gudaji. Hajiya ta koya mata kaɗa kuka da nuni da hannu. Da aka buɗe robar daddawa matar ta ja da baya tana salati, mu kuma da ta kawo wani naman ruwa mai hannu takwas da suke kira pweza, mu ma salatin muka yi. Yara ne suka cinye shi.

Abin da aka biya ta a duk zamanmu bai kama ƙafar kuɗin tikitin yaro ɗaya ba. Wannan ne ya sa nake ganin akwai gyara a yadda ake lissafin irin wannan hutu. Maza sukan ce kama gida ya fi otal araha saboda "za mu riƙa dafa abincinmu." Wane ne mu ɗin? Rarar da aka samu ba daga sama ta faɗo ba, aikin wata ne da ba a sa masa farashi ba. Ban ce kada a yi girki sam ba. Akwai tsofaffin da cikinsu ba ya karɓar baƙon abinci, akwai yaro mai tsirfa, akwai ma matar da girkin ne nishaɗinta. Tuwon dare sau ɗaya a yini don Hajiya, wannan da daɗin rai na ci gaba da sa hannu a ciki. Amma sau uku a rana ga mutum kusan goma, wannan ba hutu ba ne, canjin wurin aiki ne.

Akwai kuma wani abin da ya fi gajiya muhimmanci. Muddin mata biyu suna kicin, wa ke kallon yara a bakin ruwa? A taron dangi kowa yana zaton wani yana kallo. Wurin iyon gidan ba shi da shinge, gefe ɗaya ya shanye babban mutum, kuma yaro in zai nutse ba ya ihu. Bayan mun sami sarari sai muka yi ƙa'ida: duk lokacin da yara ke ruwa, akwai babba ɗaya da aka kira sunansa, ba waya a hannunsa, ba ya tashi sai ya miƙa wa wani. Ƙofar da ke fita wajen ruwan kuma a kulle take da zarar an idar da isha'i. Robar hannu da ake hura wa iska tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin ido.

Matambayi ba ya ɓata, kuma yawancin abin da ya kamata a shirya tambaya ce da za a tura wa mai gidan hayar kafin a biya ko sisi. Akwai mai girki, nawa ne kuɗinta, wa ke cefane? Tukunya mafi girma ta mutum nawa ce? Akwai janareta ko sola? Katangar ta rufe wurin iyon daga idon maƙwabta, kuma ma'aikata maza suna shigowa ba sallama? Ina kantin magani mafi kusa? A nemi ɗan bidiyon gidan da na bakin ruwan lokacin da teku ta janye, ba hoton talla ba. A biya ta kafar da aka sani wadda ke riƙe kuɗi har ka isa, kada a tura wa wani da aka haɗu da shi a Instagram. In ka ga farashi ya faɗi warwas a Afrilu ko Mayu, ba tausayinka aka ji ba, damina ce mai ƙarfi daga Maris zuwa Mayu. Daga Yuni zuwa Oktoba ne sararin sama ke buɗewa, da iska mai sanyi-sanyi, wanda ya yi daidai da dogon hutun makarantunmu.

Ranar dawowa ragowar gari da shinkafa da taliya duk mai girkin muka bar wa, daddawar ce kawai ta ce a kai kasuwa. Gurbinsu muka cika da kanumfari da kirfa da kanga na tsaraba, kuma a nan ne muka gane cewa akwatin da ya tafi a cike ba ya da wurin tsarabar dangi, dangi kuwa ba sa karɓar uzuri.

Maigidan da ke shirin kai iyali hutun ƙarshen shekara, ka fara neman biza tun watan Satumba. Kuma ranar da kake lissafin jirgi da haya da inshora, ka rubuta kuɗin mai girki a layi na huɗu, sannan ka kira uwargida ka nuna mata kafin ta fara auna gari.